Littattafai huɗu na matan Chicana kan wuri da iyaka: wanne za ka fara saya?

Wata ƙanwata da ke digiri na biyu a sashen Turanci ta turo mini saƙo cikin dare. Malaminta ya amince ta yi kundinta a kan wuri da iyaka a adabin matan Chicana, ta tattaro sunayen littattafai har sun cika shafi, amma kuɗin hannunta na littafi ɗaya ne, in an matsa biyu. "Yaya, wanne zan fara saya?" Na fara ba ta amsa a waya, sai na ga maganar ta fi ƙarfin saƙo, kuma na san ba ita kaɗai ke tsaye a wannan mararraba ba.

Chicana, ana furta shi Cikana, suna ne da matan Amurka 'yan asalin Meziko suka zaɓa wa kansu a zamanin gwagwarmayar shekarun 1960 da 1970. Abin da ya sa zancen wuri ya mamaye rubutunsu yana cikin tarihi. Bayan yaƙin Amurka da Meziko, yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848 ta raba Meziko da kusan rabin ƙasarta: Kalifoniya, Nevada, Utah, yawancin Arizona da New Mexico, ga Teksas da ta riga ta tafi. Dubban mutane sun kwanta suna 'yan Meziko, sun wayi gari a Amurka, ba su ɗaga ƙafa daga ƙofar gidansu ba. Iyakar yau ta haura kilomita 3,100. Duk wanda ke zaune a Katsina danginsa na Maraɗi, ko a Illela kasuwarsa na Birnin Ƙonni, ya san ɗanɗanon layin da wasu suka ja a takarda ya raba gida biyu, domin namu ma yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 ne suka ja shi.

Daga cikin jerinta na tsamo huɗu: *Borderlands/La Frontera* na Gloria Anzaldúa, *The House on Mango Street* na Sandra Cisneros, *Under the Feet of Jesus* na Helena María Viramontes, da *Canícula* na Norma Elia Cantú.

Abin da za a auna su da shi

Na farko, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa: wane irin wuri littafin yake nufi? Kalmar iyaka tana yaudara. A ɗaya layin ƙasa ne da shingen ƙarfe, a wani taga ce ta ɗakin haya a birnin da ke nesa da Meziko, a wani gonar inabi, a wani kuma gada ce da ake tsallakewa a je gaida kaka. In ka sayi littafin taga alhali gada kake nema, ka yi asarar kuɗi da wata uku.

Sai harshe, domin dukkansu suna cakuɗa Turanci da Sifaniyanci, amma gwargwadon ya bambanta ƙwarai. Sai kuɗi da samuwa. Farashin naira dala yake bi, kuɗin aikowa daga waje kuma sau da yawa yakan kai na littafin, don haka a jadawalin da ke ƙasa jera su zan yi daga mai araha zuwa mai tsada. Sai ƙarko, wato nisan da littafin zai kai ka: shin zai ɗauki nauyin babi huɗu na kundi, ko zai ƙare maka a babi na biyu? Na ƙarshe kasada, abin da ke cikin littafin da ya kamata ka sani kafin ka kai shi gaban malami ko ka miƙa wa yaro.

Anzaldúa, 1987

Shi ne sunan da kowa ke fara ji, kuma da dalili. An haifi Anzaldúa a 1942 a kwarin Rio Grande da ke kudancin Teksas, ta yi aikin gona tun tana yarinya, ta rasu a 2004. Littafinta rabi biyu ne: babi bakwai na zube, sannan rubutattun waƙoƙi. Yana buɗewa a bakin teku inda shingen ya raba San Diego ta Amurka da Tijuana ta Meziko, kuma a nan ta kwatanta iyakar da buɗaɗɗen rauni. Daga nan ta bi yadda filayen danginta suka suɓuce, har mahaifinta ya koma noma wa wasu a raba amfani. Amma ba ta tsaya a ƙasa ba. Ta ɗauki iyakar ta kai ta cikin harshe, cikin addini, cikin jikin mace, ta ce wanda ya tashi tsakanin duniya biyu yana samun wani irin sani da mazaunin duniya ɗaya ba shi da shi. Wannan shi ne tunanin sabuwar *mestiza*, wato mai gaurayen asali, a babi na bakwai.

Babi na biyar ne ya fi zama a raina. Ya fara da ita kwance a kujerar likitan haƙori, yana ƙorafin harshenta ya ƙi tsayawa wuri guda, yana ture masa auduga. Sai ta tuna dukan rula a bayan yatsu don an ji ta tana Sifaniyanci lokacin tara, da darasin gyaran lafazi da aka wajabta wa ɗalibai irinta a jami'a. Ta lissafa kalar magana takwas da take yi. Duk wanda aka taɓa ci tara a firamare don ya yi Hausa a aji zai karanta wannan babi da wani irin nauyi a ƙirji.

Wahalarsa harshe. Takan shiga Sifaniyanci layi da yawa a jere ba fassara, da gangan, ga kalmomin Nahuatl, harshen Aztek, tsoffin mazauna Meziko. Wasu waƙoƙin gaba ɗaya da Sifaniyanci suke. Za ka karanta shi da ƙamus ko waya a gefe, shafi goma na iya cin yini. Kuɗinsa yana sama, domin ƙaramin kamfanin ɗab'i ne na San Francisco, Aunt Lute, ke fitar da shi. In ka sami bugu na biyu na 1999 ko na bayansa, gabatarwar Sonia Saldívar-Hull tana rage rabin wahalar. Ƙarko kuwa babu kamarsa: kusan duk wanda ya yi rubutu kan iyaka bayansa sai ya ratsa ta kansa.

Kasadarsa biyu. Anzaldúa ta faɗi a fili cewa mata take so, kuma wannan yana tsakiyar hujjarta, ba a iya yanke shi a ce an karanta littafin. Tana sukar cocin Katolika, tana kuma zurfafa cikin allolin Aztek kamar Coatlicue. Ɗalibi a nan arewa ya kamata ya san haka tun kafin ya rubuta sunan littafin a takardar neman amincewa. Ta biyu ta ilimi ce. An soke ta kan ɗora tunaninta a kan José Vasconcelos, marubuci ɗan Meziko, wanda ra'ayinsa kan gaurayar jinsi yake da matsala, da kuma yadda ta ɗauki 'yan asalin ƙasa kamar tarihin da ya wuce alhali suna raye. Ga wani abu da na sha gani: ɗalibi ya ɗauko kalmar iyaka daga wajenta ya shafa wa komai, aure iyaka, makaranta iyaka, har kalmar ta tashi daga aiki. Kuma ka tuna littafin ba ƙagaggen labari ba ne. Idan sashenku yana son nazarin jigo da taurari da zubi, shi kaɗai ba zai ba ka ba.

Cisneros, 1984

Wannan ƙarami ne, shafi ɗari da 'yan kai, guntayen labarai 44, wasu ba su cika shafi ba. Esperanza Cordero, yarinya mai kimanin shekara 12, tana ba da labarin unguwarsu a Shikago, fiye da kilomita 2,000 daga Meziko. Iyakar a nan ita ce titi, da bene, da taga. Tun a farko wata sistar coci ta makarantarsu ta tsayar da ita a hanya, ta nuna ɗakin hayarsu a hawa na uku mai fenti a ɓare, ta tambaye ta wai can take zaune. Yadda aka yi tambayar shi ya haifi littafin gaba ɗaya. Cisneros da kanta ta sha faɗin cewa tunanin ya zo mata a ajin koyon rubutu na jami'ar Iowa, ana tattauna littafin masanin falsafa ɗan Faransa, Gaston Bachelard, kan ma'anar gida, ta lura gidajen da ake zance ba irin wanda ta tashi a ciki ba ne.

Abin da na fi so a bi a nan shi ne matan da ke jikin taga. Kakar mahaifin ko mahaifiyar Esperanza, wadda ta ci sunanta, an sace ta aka aura, ta ƙare rayuwarta tana kallon waje. Rafaela mijinta yana kulle ta ranar Talata in zai fita, sai ta zuro jaka da igiyar shanya yara su sayo mata lemon kwakwa ko na gwanda. Mamacita ta ƙi saukowa daga bene saboda tsoron Turanci, tana kuka kan hoton wani gida mai ruwan hoda a ƙasarsu. Mai karatu Bahaushe zai yi saurin tuno kulle. A yi hattara da wannan kwatance, domin a Mango Street kishin miji ne da talauci da baƙunta, babu wani tsarin gida da dangi da ke kewaye da matar.

Turancinsa mai sauƙi ne, Sifaniyancin kaɗan. Shi ne mafi araha kuma mafi samuwa, domin makarantun Amurka suna koyar da shi, an sayar da miliyoyin kwafi, na hannu suna yawo ko'ina. Matsalarsa ita ce an riga an tatse shi. Sharhi a kansa ya yi yawa har sabon abin faɗa yana wuya, kuma malami mai duba aiki zai yi zargin kwafe. Sauƙin harshen kuma kada ya ruɗe ka ka ba ƙaramin yaro: akwai uba mai dukan 'yarsa Sally, akwai cin zarafin Esperanza a wurin wasan shagali.

Viramontes, 1995

A nan zan daɗe, domin shi na fi yarda da shi. Estrella 'yar shekara 13 ce, danginta 'yan ƙwadagon gona ne masu bin kakar amfani daga wannan gona zuwa waccan a Kalifoniya, cirani marar ranar komawa. Uban ya gudu. Uwar, Petra, tana tare da wani dattijo mai gyare-gyare, Perfecto Flores, wanda akwatin kayan aikinsa ne ya sa Estrella ta gane amfanin haruffa, bayan malaman makaranta sun fi damuwa da dattin farcenta. Marubuciyar, haifaffiyar gabashin Los Angeles a 1954, ta sadaukar da littafin ga iyayenta da suka haɗu wajen tsinkar auduga, da kuma César Chávez, jagoran ƙungiyar ma'aikatan gona.

Sunan littafin daga wani abu ƙarami ya fito. Petra tana da ɗan mutum-mutumin Yesu a kan teburin addu'arta, a ƙarƙashin ƙafafunsa take ajiye takardun haihuwar 'ya'yanta. Yaran a Amurka aka haife su, amma tana koya wa Estrella abin da za ta faɗa in jami'an shige da fice sun tare ta. Kan iyaka yana da nisa daga gonar, tsoronsa kuwa yana kwana tare da su a ɗaki.

Sai wurin da ba na mantawa. Jirgin feshin maganin ƙwari ya ratsa kan Alejo, saurayi ɗan Teksas, yana bisa itace yana tsinkar 'ya'yanta, ya kwanta ciwo. Suka ja shi a tsohuwar motarsu zuwa wani ƙaramin asibiti. Nas ta duba shi sama-sama, ta ce a kai shi babban asibiti, ta nemi dala 10. Duk abin da ke aljihun Perfecto dala 9 ne da santi 7, kuɗin fetur ɗinsu ke nan. Ya nemi ya gyara mata wani abu a madadin kuɗi, ta ƙi. Estrella ta tuna abin da Alejo ya taɓa gaya mata, cewa ƙasusuwan da suka nutse a ramukan kwalta ne suka zama man fetur, ta yi lissafi a ranta cewa ƙashin irinsu ne ke tafiyar da motar nas ɗin. Ta koma mota ta ɗauko ƙarfen ɓanɓare katako, ta shiga ta doka a kan tebur har aka mayar mata da kuɗin. A shafi kaɗan an haɗa ƙasa da mai da ƙwadago da jiki, ba tare da an yi wa mai karatu lacca ba.

Harshensa matsakaici ne. Jimlolin suna da kauri irin na waƙa, labarin yana tsalle daga tunanin wannan zuwa na wancan, ba a sa alamar zance yadda aka saba, amma Sifaniyancin gajere ne kuma mahallin yana fassara shi. Bai kai shafi 200 ba. Kuɗinsa tsaka-tsaki. Ƙarkonsa babba ne ga mai kundi, domin yana buɗe ƙofa ga nazarin muhalli da na aji da na mata a lokaci guda, kuma akwai sharhi isasshe ba tare da an cika filin ba. Kasadarsa ƙarama: sunan zai iya sa wani ya ɗauka littafin wa'azin Kirista ne, jimla ɗaya ta isa ta warware wannan. Ƙarshensa a buɗe yake, ba a faɗi makomar Alejo ba, an bar Estrella a saman rufin wani tsohon sito. Mai son a rufe masa labari zai ji haushi.

Cantú, 1995

Wannan ne ba a cika ambata ba, alhali shi ya fi kusa da abin da muka sani. An haifi Cantú a 1947 a Nuevo Laredo ta Meziko, ta tashi a Laredo ta Teksas, garuruwa biyu da kogi ya raba gada ta haɗa. Littafin guntayen labarai ne da aka ɗora a kan hotunan iyali, har da takardun tsallake iyaka, daga shekarun 1940 zuwa 1960. Ta gargaɗi mai karatu cewa ta gauraya gaskiya da ƙirƙira, wani lokaci abin da ta bayyana ba ya dacewa da hoton da ke gabanka. *Canícula* sunan kwanakin tsananin zafi ne na Yuli zuwa Agusta, lokacin tsinkar auduga.

Iyaka a nan harkar yau da kullum ce: a tsallaka a yi cefane, a je biki, a kai gawa, a gaida dangi. Amma tana da haƙora. Kakannin mai ba da labarin suna cikin waɗanda aka kora daga Teksas zuwa Meziko a shekarun 1930, ga ambaliyar 1954, ga ɗan'uwanta Tino da ya mutu a yaƙin Vietnam. Wanda ya ga yadda rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya taɓa kasuwannin Jibiya da Maigatari zai gane wannan rayuwa ta gada da ke buɗe yau, gobe a rufe. Bambancin dai a riƙe shi: a wajenmu Hausa ake yi a ɓangarorin biyu, babu gefen da harshenka ke zama shaidar cewa kai baƙo ne a garin haihuwarka.

Harshensa mai sauƙi ne, sai dai sunayen abinci da dangi da bukukuwa na Sifaniyanci suna da yawa. Jami'ar New Mexico ce ta buga shi, don haka samunsa ya fi wuya, na hannu ba su da yawa. Sharhi a kansa bai kai na sauran ba, wanda alheri ne ga mai ƙarfin hali, wahala ga mai neman abin dogaro. Ba shi da wani abu da zai tayar da jijiyar wuya. Rauninsa shi ne babu zaren labari mai ja, mai gaggawa zai ajiye shi a tsakiya.

| Littafi | Wurin da yake nufi | Harshe | Kuɗi da samuwa | Ƙarko ga kundi | Kasada |
|---|---|---|---|---|---|
| Mango Street | unguwa, gida, taga | mai sauƙi | mafi araha, ko'ina | matsakaici, an tatse shi | cin zarafi, zargin kwafe |
| Under the Feet of Jesus | gona, hanya, asibiti | matsakaici | tsaka-tsaki | babba | sunansa, buɗaɗɗen ƙarshe |
| Canícula | gada, garuruwa tagwaye | mai sauƙi | da ɗan tsada, wuyar samu | babba in an haɗa da wani | ƙarancin sharhi |
| Borderlands | layin ƙasa, harshe, jiki | mai wuya | da tsada | mafi girma | jinsi, addini, ba labari ba ne |

Wa ya dace da wanne

In karatun nishaɗi kake so, ko wannan ne karonka na farko da adabin nan, ɗauki Cisneros. Za ka gama shi a zama biyu, kuma shi ne ya fi dacewa da ajin manyan sakandare ko shekarar farko ta jami'a, muddin malami ya riga ya karanta babin Sally da na wurin shagalin.

In ra'i kake nema da za ka ɗora bincike a kai, ko aikinka kan harshe ne da cakuɗa harsuna, babu makawa sai Anzaldúa, kuma ka tanadi haƙurin ƙamus. Ban ba da shawarar a fara da shi ba. Wanda bai taɓa ganin waɗannan wurare a cikin labari ba yakan haddace kalmominta ya rasa inda zai aza su.

In kai ɗan garin kan iyaka ne, ko kana son kwatanta tasu da tamu, nemi Cantú ko da za ka jira wani mai dawowa daga waje ya riƙo maka. In kuma noma da guba da lafiyar talaka ne suka dame ka, Viramontes, sannan in hali ya yi ka ƙara da *So Far from God* na Ana Castillo na 1993, wanda ke garin Tome a New Mexico, inda sinadaran masana'anta suka kashe ɗaya daga cikin 'ya'ya mata huɗu na Sofi.

Ƙanwata kuwa na ce ta sa kuɗinta a Viramontes, domin shi ne zai ɗauki babi huɗu bai gaji ba. Na ce ta nemi aron Anzaldúa a laburare ko wajen malaminta, ta karanta babi na ɗaya da na biyar da na bakwai da fensir a hannu, ta kuma gaya wa malamin abin da ke ciki tun yanzu. In kuɗin littafi na biyu ya samu kafin ta kai babi na uku, Cantú za ta saya.